A Bar Yara Su Koyi Naɗe Lissafi: Martani Ga Mai Cewa Aikin Akawu Ne

Na karanta maƙalar da wani malaminmu ya rubuta kwanan baya a kan cibiyoyin koyon kwamfuta da suka cika Zariya, tun daga cikin ganuwa har Tudun Wada da Sabon Gari. Malam mutum ne da nake ganin girmansa, kuma rabin abin da ya faɗa na yarda da shi. Akwai cibiyoyin da ba su da aiki sai karɓar kuɗi da buga satifiket, yaro ya shekara rabi yana zuwa ya fito bai iya komai ba sai kunna na'ura da kashewa. Inda muka raba gari shi ne misalin da ya ɗauka ya kafa hujja da shi. Ya ce ya leƙa wani aji ya tarar an kashe yini guda ana koya wa samari da 'yan mata yadda ake tara layukan lissafi rukuni-rukuni a manhajar Excel, a naɗe su, a warware su. A ganinsa wannan aikin akawun En'e ne aka sa wa sabuwar riga, alhali duniya ta yi gaba, kuma ƙirƙirarriyar basira za ta yi shi cikin ƙiftawar ido. Ya ƙara da wata magana mai nauyi: wai naɗe layi ɓoye layi ne, don haka ana koya wa yara hanyar maguɗi ne ba a sani ba.

Da alama Malam daga bakin ƙofa ya tsaya. Bari in shigar da shi ciki.

Kowa ya san ɗinkin hannu tsohuwar sana'ar Birnin Zariya ce, kuma yanzu mata a cikin gidaje ke ɗauke da kaso mai yawa na aikin: wuyan kaftani, hula, har aikin babbar riga. Akwai wata yayata da ke raba irin wannan aiki ga mata a unguwanni daban-daban, ta ba su yadi da zare da kafin alƙalami, in sun gama ta biya ciko. Shekara da shekaru lissafin yana cikin littafi mai bangon kwali, wani kuma yana cikin kanta. Da 'yarta ta koyi jadawalin kwamfuta sai ta kwashe komai ta zuba: kowane aiki da layinsa, da unguwa, da sunan mai aikin, da irin ɗinkin, da ranar da aka bayar, da kuɗin da aka fara bayarwa, da abin da ya saura. Layuka suka yi ɗaruruwa. A wannan matakin littafin kwali ma ya fi jadawalin amfani, domin shi aƙalla uwar ta san inda za ta buɗa.

Abin da yarinyar ta yi daga nan shi ne darasin da Malam ya raina. Ta fara jera layukan bisa unguwa, a cikin kowace unguwa kuma bisa sunan mai aiki. Sannan ta sa manhajar ta saka ƙaramar jimla a ƙarshen kowace unguwa, da wata a ƙarshen aikin kowace mace. Nan take wasu ƙananan lambobi suka bayyana a kusurwar hagu ta sama, 1, 2, 3, 4, da alamun tarawa da ɗebewa a gefen shafin. In ta taɓa 1, layi ɗaya kawai za a gani, babbar jimlar kuɗin da ke waje. In ta taɓa 2, sai unguwanni su fito, kowace da nata. 3 ta fito da matan ɗaya bayan ɗaya, 4 kuma ta baje komai, har zaren da aka bayar ran Talata.

Ina zaune wata rana uwar ta ce, “Ke, nawa ne nawa a hannun mutanen Kwarbai?” Yarinyar ta taɓa 2 ta ce, “Umma, ga shi nan.” Ba a jima ba aka aiko yaro daga wani gida, wai Inna ta ce sau biyu aka kawo mata zare, ba sau uku ba. Yarinyar ta taɓa alamar tarawa da ke gefen sunan matar, layukanta suka warware da kwanan watansu, aka ga na ukun ranar da aka aika ne ta hannun kishiyarta. Magana ta mutu ba a ɗaga murya ba. A da irin wannan kan kai a yi kwanaki ana aike, wani lokaci har zumunci ya yi tsami a kan kuɗin da bai kai na cefanen yini ba.

Ga abin da ba a gani daga bakin ƙofa. Manhajar ba ta san Zariya ba. In an rubuta Unguwar Juma a wani layi, aka rubuta Anguwan Juma a wani, kamar yadda mu Zazzagawa muka saba, to a wurinta unguwa biyu ce, kowace za ta ba ta jimlarta. Haka Ƙofar Doka mai lanƙwasa, da Kofar Doka marar lanƙwasa, da K/Doka ta mai sauri: gida uku. In kuma aka manta ba a jera layukan ba kafin a nemi ƙananan jimloli, sai unguwa ɗaya ta fito sau goma a wurare goma, domin manhajar tana rufe rukuni ne duk inda ta ga suna ya canza. Wanda ya iya wannan darasi dole ya fara koyon tsabtace bayanansa, ya tsayar da rubutu ɗaya ga kowane suna, ya tambayi kansa ko waɗannan mata biyu masu suna ɗaya mutum ɗaya ce ko kuwa. Yini guda ma ya yi kaɗan.

Sai batun ɓoyewa, wanda shi ne ya fi damuna a maƙalar, don ya haɗa abubuwa biyu da suka saɓa. A Excel akwai umarnin ɓoye layi, akwai kuma na tara layuka a rukuni. Wanda aka ɓoye ba ya barin wata alama ta kirki, sai mai lura ne zai ga lambar gefe ta yi tsalle daga 14 zuwa 31. Wanda aka naɗe a rukuni kuwa yana barin alamar tarawa ɓaro-ɓaro a gefe, tana gaya wa duk mai dubawa cewa akwai kaya a ƙarƙashin nan, ya buɗe ya gani. Masu binciken kuɗi da yawa sun fi son a naɗe a kan a ɓoye saboda wannan dalili.

Ɓarnar ɓoyayyen layi ba tatsuniya ba ce. A watan Satumba na 2008, lokacin da bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe, bankin Barclays na Ingila ya zo sayen wani sashe na kadarorinsa. An aika wa lauyoyi jadawalin kwangilolin da Barclays zai ɗauka, a ciki akwai layukan da aka ɓoye na waɗanda ba ya so. Wani ƙaramin lauya ya gyara fasalin jadawalin cikin dare don a miƙa wa kotu, ɓoyayyun layukan suka fito fili suka shiga cikin takardar. Kwangiloli 179 da ba a yi niyyar saye ba suka shiga ciniki, sai da aka koma gaban alƙali ana roƙon a cire su. Da akwai alama a gefen shafin mai cewa akwai abu a nan, da wataƙila yaron ya tsaya ya tambaya.

Ba ina cewa ba a iya cuta da naɗaɗɗen lissafi ba. Ana iyawa, kuma zan ma ba Malam makamin da bai kawo ba. Dabarar da Excel ke amfani da ita wajen ƙaramar jimla, wadda ake rubutawa SUBTOTAL, tana karɓar lamba a farkonta. In an sa 9, tana tara duk layukan, har waɗanda aka naɗe. In an sa 109, tana tsallake duk layin da ba ya bayyane. Ke nan mai mugun nufi zai iya sa 109, ya naɗe wasu layuka, jimla ta ragu, shafi kuma ya fito tsaf. Akwai kuma kuskuren da ba na mugunta ba: mutum ya tara dogon layin kuɗi da tarawa ta yau da kullum alhali akwai ƙananan jimloli a tsakiya, sai kowane kuɗi ya shiga sau biyu, ya ga ribar da ba ta wanzu ba. Ita dabarar ƙaramar jimla an gina ta ne ta tsallake 'yan'uwanta don kada haka ta faru. Haka in ka kwafi shafin da aka naɗe ka liƙa a wani wuri, duk abin da ke ƙarƙashi zai biyo ka, sai in ka zaɓi abin da ke bayyane kaɗai.

To wa zai kama waɗannan? Mai cuta dai ba ya jiran cibiyar koyon kwamfuta, zai koya ko ta halin ƙaƙa. Wanda ake hana wa ilimin in aka bi shawarar Malam shi ne ma'ajin ƙungiyar unguwa, da sakataren kwamitin masallaci, da uwar adashe, da iyayen yara a makarantar Islamiyya da ake miƙa wa takarda mai layi biyar a ce ga yadda aka kashe kuɗin gini.

Da Malam ya ambaci akawun En'e da sigar raini, ya taɓo tarihin da ya fi goyon bayana a kan nasa. Lissafin haraji da jangali a ƙasar Zazzau, kamar sauran masarautun Arewa, hawa-hawa yake tafiya: mai unguwa ya tara na mutanensa, dagaci ya haɗa na masu unguwanni, hakimi ya haɗa na dagatai, a kai baitulmali. Kowane mataki jimla yake miƙa wa na sama da shi. Don a samu masu riƙe irin waɗannan littattafai ne ma aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya a 1947, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Tsarin a kan takarda ba shi da aibi. Aibinsa shi ne daga sama kaɗai ake iya buɗe shi. Talakan da ya biya aka hana shi rasit, aka dawo aka ce bai biya ba, ba shi da hanyar da zai ce a warware jimlar dagaci a nuna masa layinsa. Kukan da 'yan NEPU suka yi ta yi ke nan tun daga 1950, har gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979. Abin sha'awa, a wannan shekarar ce Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a Amurka, manhajar jadawali ta farko da ta shiga hannun jama'a, kakar su Lotus 1-2-3 ta 1983 da Excel ta 1985. Akawun En'e mutum ne mai ƙarfi a zamaninsa, kuma ƙarfinsa bai wuce cewa shi kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashin jimla ba. In yau 'yar shekara goma sha bakwai a Limancin Kona ta iya abin da ya iya, ni ban ga ci baya a nan ba.

Har yanzu kuma rayuwarmu a kan irin wannan hawa-hawa take. Ɗauki zaɓe. Ana rubuta sakamakon kowace rumfa a takardar EC8A, a tattara na rumfuna a matakin mazaɓa a EC8B, a haɗa na mazaɓu a matakin ƙaramar hukuma a EC8C. Ƙaramar Hukumar Zariya tana da mazaɓu 13, irin su Kwarbai A da Kwarbai B, da Kaura, da Unguwar Juma, da Unguwar Fatika, da Limancin Kona, da Tudun Wada, da Gyallesu. Wakilan jam'iyyu suna da haƙƙin karɓar kwafin sakamakon rumfarsu. Amma tarin takardu a cikin leda ba ya gaya wa kowa komai. Saurayi ɗaya da ya iya zuba su a jadawali, ya tara rumfuna a ƙarƙashin mazaɓunsu, zai iya gwada jimlarsa da wadda aka sanar kafin gari ya waye, in kuma sun saɓa ya warware mazaɓar ya nuna rumfar da bambancin ya fito. In sun daidaita, shi ma alheri ne, an rage jita-jita ɗaya a majalisar masu shayi. Haka lissafin allurar rigakafi gida-gida, haka rabon takin zamani, haka kuɗin jarrabawa aji-aji.

Saura ƙirƙirarriyar basira, wadda Malam ya jingina da ita sosai. Gaskiya ne, in ka ba ta jadawali ka ce ta tara maka shi rukuni-rukuni za ta yi. Tambayar da ba za ta amsa maka ba ita ce: bisa me? Lissafin yayata ɗaya ne, amma in an tara shi bisa unguwa yana nuna inda kuɗi ya maƙale da inda ya kamata a aika yaro karɓo aiki. In an tara shi bisa irin ɗinki yana nuna cewa hula, duk da ƙanƙantar kuɗinta, tana juyawa da sauri fiye da babbar rigar da za ta yi watanni a hannu. In an tara shi bisa wata yana nuna yadda aiki ke cunkushewa gab da Sallah, da lokacin da ya kamata a sayi zare kafin ya yi tsada. Tambayoyi uku ne mabambanta, kuma zaɓen wadda za a yi shi ne ainihin aikin. Wanda bai taɓa tara rukuni da hannunsa ya ga yadda hoton ke canzawa ba, bai san ma akwai zaɓi ba. Zai karɓi duk abin da na'ura ta miƙo masa ya ce haka lissafi ya nuna. Kuma wanda ya zaɓi rukunan shi ya zaɓi abin da shugaba zai gani. Sa kuɗin man janareta a ƙarƙashin “sauran kashe-kashe” maimakon ba shi gidansa, ai ka gama binne shi ba tare da ka ɓoye layi ko ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka manyan masana sun fi ƙarfin irin wannan kuskure. A 2010 wasu furofesoshin tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da bincike a kan alaƙar bashin ƙasa da bunƙasar arziki, 'yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi jadawalinsu ya bi shi layi-layi, ya tarar dabarar da ta fitar da matsakaici ta tsallake ƙasashe biyar. Akwai wasu matsalolin a binciken, amma wannan ita ta fi ba duniya mamaki, don aikin akawu ne zalla. Shi kansa shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku a fasahar zamani, nazarin bayanai yana cikin fannoninsa, kuma ban san ta inda mai nazarin bayanai zai fara ba in bai iya jera layi da tara shi ba.

Akwai iyakar da zan amince wa Malam. Naɗe layuka ba shi ne ƙarshen ilimin jadawali ba. Excel ba ta wuce hawa takwas, kuma in bayanai suka yi yawa, ko ana son a juya su ta fuskoki da dama a lokaci ɗaya, abin da manhajar ke kira PivotTable ya fi dacewa, don shi ba ya taɓa asalin layukan. Cibiyar da ta tsaya a naɗewa ta sallami yaro ta rage masa hanya. Sai dai wanda ya fahimci dalilin jera layi kafin tarawa, da bambancin ƙaramar jimla da babba, ba ya shan wahala a mataki na gaba. Ilimin kuma ba na kamfani ɗaya ba ne: Google Sheets na da shi, LibreOffice Calc da ake samu kyauta ita ma tana da shi, ba ta kuma buƙatar intanet, abin da ya dace da garin da wuta da sabis ke zuwa in sun ga dama.

In da Malam ya soki yadda ake koyarwar ne, da na tsaya a bayansa. Abin da na gani a wurare da dama shi ne a ba yara jadawalin wani kamfanin ƙasar waje da ba su san shi ba, mai sayar da kayan da ba su taɓa gani ba da dala, bayanan a wanke tas babu kuskure ko ɗaya, a ce su danna nan su danna can. Wannan hadda ce, kuma mako biyu ya isa ta zube. A ba su littafin adashen unguwarsu da izinin masu shi, a sauya sunaye. A ba su kuɗin makaranta na aji shida, da Anguwan Juma da Unguwar Juma a cakuɗe, da wanda ya biya rabi, da wanda aka yafe wa. Su jera, su tara, su fitar da shafi ɗaya da shugaban makaranta zai iya karantawa a tsaye. Ranar jarrabawa kuma malami ya kawo nasa jadawalin a naɗe, ya dasa 109 a wuri ɗaya, ya ɓoye layi uku a wani wurin, ya ce jimlar nan ba daidai take ba, a nemo dalili. Wanda ya gano a ba shi satifiket, wanda bai gano ba ya dawo mako mai zuwa.